Sheƙa a Hawa na Huɗu

Ranar Litinin Inna Habsatou ta sauka a New York. Litinin kuwa ranar Fataw ce a gidan, ba ta Firdaoussi ba.

Shekara biyu ke nan da Fataw ya saki Firdaoussi. Ba duka, ba zagi. Gajiya suka yi da juna, har ta kai in ɗaya ya yi tari ɗayan sai ya ji haushi. Suka je gaban limamin unguwarsu a Morris Heights, aka raba su lafiya. Abin da ya ƙi rabuwa shi ne 'yarsu Sherifa, mai shekara tara a lokacin. Da aka ce ta zaɓi wanda za ta bi, sai ta shige ɗakinta, ta zauna a tsakiyar gado da takalmi a ƙafa, ta ce ita tana nan. Makarantarta na bayan layi. Ƙawarta na hawa na biyu. Daga tagarta ana hango jirgin ƙasa mai lamba huɗu in ya wuce a kan ƙarafunansa, kuma da ƙararsa ta saba barci.

Sai aka bar ta a gidan. Iyayen ne suka koma masu zuwa da tafiya.

Firdaoussi na aikin kula da wata tsohuwa a Queens, can take kwana daga yammacin Lahadi zuwa safiyar Alhamis. Waɗannan kwanaki Fataw ke gida. Shi ne girki, shi ne wanki, shi ne sa hannu a takardun makaranta. Ranar Alhamis in ya raka Sherifa makaranta ba ya komowa, sai ya wuce ɗakin da suke haya shi da wasu direbobi biyu a University Heights, ya ja tasi har Lahadi. Shi da Firdaoussi ba sa haɗuwa a cikin gidan. In ya iso da wuri yakan jira a ƙasan bene har ta sauko, su gaisa kamar maƙwabta, ta ce masa akwai miya a firij, ya ce mata Allah ya kai lafiya.

Abin ya zauna daidai. Amma labarinsa ya kai Maraɗi, garin su Firdaoussi, kuma bai kai yadda yake ba. Abin da ya shiga kunnen Inna shi ne ɗiyarta, sakakkiya, tana nan zaune a gidan mijin da ya sake ta, ba aure ba komai.

"Ba su ba ni hutu ba," in ji Firdaoussi ranar Lahadi a ƙasan bene, jakar aiki a kafaɗa. "Gobe ka ɗauko ta a filin jirgi, don Allah. Kada ka yi gardama da ita."

"Me ya kawo Inna?"

"Ka sani. Kuma ka san ni, ban iya ce mata a'a."

Ya sani. In aure ya mutu, dangin mace sukan zo su kwashe kayan ɗakinta, daga gado har ludayi. Ba a kwashe na Firdaoussi ba don teku na tsakani. Yanzu Inna ta tsallako tekun. Akwai wata 'yar ƙanwarta a Park Hill, can Staten Island, mai ɗaki guda ba kowa ciki. Can za a kai kayan, a kai Firdaoussi, a kai Sherifa. Sabuwar makaranta, sabuwar taga. Shi kuma ya koma uban ranar Lahadi, mai zuwa da leda a hannu ya zauna awa biyu a falon mutane.

A filin jirgi ya durƙusa ya gaishe ta, gwiwa har ƙasa, a tsakiyar masu jan akwatuna. Wani Bature ya kauce yana waiwayensa. Inna 'yar ƙaramar mace ce, busasshiya, da mayafi ruwan toka da carbi naɗe a wuyan hannu. Ta amsa gaisuwar kaf, ta gida da ta aiki da ta sanyi, amma idonta na kan wani allo can nesa. Ba ta kira sunansa ba. Ko lokacin auren bai taɓa jin ta kira ba. Kayanta akwati ɗaya ne ƙarami, sai ƙunshin manyan jakunkunan leda guda shida, a ninke, ba komai ciki. Ya ɗauka ya sa a bayan mota. Ba su da nauyi ko kaɗan.

Da la'asar Sherifa ta dawo daga makaranta ta faɗa jikin kakarta.

"Ke ce kika yi tsawo haka, ƙawata? Mi suke ba ki, taki?"

Sherifa na jin Hausa sarai, amma Turanci bakinta ke fitarwa. Ta ce babanta ne ke ɗura mata waakye kullum, ta kusa komawa wake.

Shi ɗin ya dafa. Ya zuba musu, wake da shinkafa irin na Kumasi da baƙin yaji a gefe, ya koma bakin ƙofar kicin ya tsaya. Ba a cin abinci a gaban suruka, ko da auren ya mutu. Inna ta ɗanɗana, ta ƙara loma.

"Tambayi ubanki," ta ce da Sherifa, ko da yake taku uku ne tsakaninta da shi, "wanga zama da suke yi, mi sunanshi? Ni na san aure, na san zawarci. Wanga na ukun ban san shi ba."

"It's called nesting, Kaka."

"Hwaɗa da bakin mutane."

Sherifa ta waiwayi ubanta. Hausar Fataw ta Zangon Kumasi ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, kuma ko da Turanci ba mai yawan magana ba ne.

"Ka faɗa ma Inna," ya ce, yana kallon bango, "wani mata ne a ofishin sulhu ya ba mu sunan. Nest shi ne sheƙa. Wajen tsuntsaye Turawa suka ɗauko. 'Ya'yan tsuntsu ba sa yawo tsakanin uwa da uba, suna sheƙa. Uwa ya kawo abinci ya tashi, uba ya kawo ya tashi. Shi ya sa wasu ke cewa birdnesting. Yaro ya zauna, manya su wahala."

Inna ta suɗe yatsa.

"Ni za a koya ma tsuntsu? Tantabara arba'in gare ni bayan ɗaki. Namijin ya kwanta kan ƙwai da rana, macen ta karɓe shi da marece, wannan gaskiya ne. To amma hwaɗa ma ubanki, tantabaruna ba su je gaban liman ya raba su ba."

Sherifa ta fashe da dariya har ta ƙware. Fataw ya miƙo ruwa. Shi ma saura kaɗan dariyar ta ƙwace masa.

"Bature in ya rasa sunan abu sai ya ɗora ma dabba," in ji Inna. "Gobe da tukwane za mu hwara."

Dariyar Sherifa ta yanke. Ta tambaya me za a fara, ta dubi kakarta, ta dubi ubanta. Fataw ya juya ya shige kicin.

Fataw ya shirya magana. Tun a mota yake jera ta a ransa, yadda zai ce makaranta, yadda zai ce yarinya ta saba. Da safiyar Talata, bayan ya raka Sherifa, ya hawo bene yana maimaitawa. Ya tarar da Inna tsaye a kicin, ta buɗe jaka ɗaya a ƙasa. Ta nuna kantar sama da haɓa. Sai ya ga kansa a kan kujera yana miƙo mata tukunya.

Haka aka wuni. Tukwanen dalma guda bakwai, wata cikin wata, da ta sa aka zuba mata a Maraɗi tun Firdaoussi na budurwa. Kwanonin sha masu fure. Ƙaramin turmi da taɓaryarsa. Ko wanne ta ɗauka sai ta ba shi labari, wa ya kawo shi gudummawa, wa ya ɗauko shi a jirgi, amma ba da Fataw take ba, da kayan take. Takan kifa tukunya ta duba gindinta. Duk fes suke, suna ƙyalli.

"Wa ke wanke su?" ta tambayi iska.

"Ni ne, Inna."

"Hm."

Da salatif ya ƙare shi ya sauka shago ya sayo. Shi ya sauke labulen falo. Ya kama gefe biyu, ta kama biyu, suka ninke. Da azahar ya fita matakala ya kira Firdaoussi.

"Ka hana ta mana!" in ji ta, da ya faɗa mata.

"Kai ka ce kada na yi gardama."

"Na ce kada ka yi gardama, ban ce ka ninke mata labule ba, Fataw!"

"Uwarka ne."

"Ai shi ya sa ni ban iyawa. Kai fa?"

Yadda aka rene shi, babba in ya nuna abu da haɓa, ɗauka ake yi. Balle uwar da ta taɓa ba ka 'yarta. Can a wayar ya ji muryar tsohuwar Queens tana kira, Firdaoussi ta kashe.

Da Sherifa ta dawo, tagogi tsirara suke, kicin ɗin in an yi magana sai ya amsa. Jakunkuna biyar sun cika, an jera su a falo. Ba ta yi kuka ba. Ta wuce ɗakinta ta rufe ƙofa. Ya sayo abinci a shagon 'yan Gana, tunda ba tukunya, ya ƙwanƙwasa mata da farantin takarda a hannu.

"You helped her," ta ce daga ciki. "You carried the bags, Baba."

Da ma ta ce kakarta muguwa ce, da ya san abin faɗa. Amma cewa ta yi shi ya taya, shi ya ɗauki jakunkunan. Gaskiya ne. Ya ajiye farantin a bakin ƙofa.

Gado Inna ta bari na ƙarshe, don shi sai da namiji da kayan aiki. Ranar Laraba da la'asar ta yaye zanen, ta jingine katifa da bango ita kaɗai, tana haki. Sherifa ta dawo ta zauna a kan ɗaya daga cikin jakunkunan, jakar makaranta na goye a bayanta, ta ƙi saukewa.

"Hwaɗa ma ubanki ya zo ya kwance gadon uwarki."

Sherifa ba ta faɗa ba. Fataw ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, ya zo har bakin ƙofar ɗakin Firdaoussi, ya tsaya. Yatsun ƙafarsa na kan siririn ƙarfen da ya raba kafet ɗin falo da katakon ɗakin. Ƙanshin turaren wutarta na nan yadda ya san shi.

"Shigo mana," in ji Inna. Wannan karon da shi take, ba ɗan aike.

"Ba zan shiga ba, Inna."

Ta juyo gaba ɗaya. Tun da ta san shi bai taɓa ce mata a'a ba.

"Ku yi haƙuri," ya ce, kansa a ƙasa. "Ɗakin uwar Sherifa ne. Ba matana ba ne yanzu. Zan nemo mai kula da ginin ya kwance, ko a jira Alhamis. Komai kuka ce na ɗauka zan ɗauka. Amma nan ba na shiga."

"Yau da ka ga idona ka tuna da kunya?" Ta nuna ƙasa kusa da ƙafarsa, inda wani ɗan kwali yake jingine da bango. "Kwana biyu ina kwana cikin duhu ɗakin ga. Ga ƙwan lantarki sabo cikin kwalinshi. Na ce wane irin raggon namiji ne ya iya sayen ƙwai ya kasa hawa kujera?"

"Sati uku yana nan."

Sherifa ce, kuma da Hausa, tana ɗaukar kalmomin ɗaya-ɗaya kamar masu zafi.

"Mama tana tsoron hawa, kuma ta hana ni. Baba ya sayo ya ajiye nan. Ba ya shiga, Kaka. Never." Sai Turanci ya ƙwace mata, ta ci gaba tana gauraya su. Bara ɓera ya shiga ɗakin, ita tana ciki tana neman caja, ta haye gado tana ihu. Babanta ya zo da gudu ya ci birki a nan daidai. Ya kwanta rub da ciki a falo, ya miƙa sandar goge-goge yana dukan ƙarƙashin gado, ɓeran yana zagaye, ita tana ihu, maƙwabcin ƙasa yana buga silin. Ƙarshe cewa ya yi ta yi tsalle, ta diro daga gado ya cafe ta a bakin ƙofa. "Ɓeran ma ya gaji da mu, ya tafi da kanshi."

Ba wanda ya yi dariya sai ita, ita ma rabi.

Inna ta dubi ƙafafun Fataw a kan ƙarfen nan. Ta daɗe tana dubawa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da liman ya raba mu."

"Na ɗauka don ni kake kwana bisa kujera."

Ta ratsa ta gefensa ta fito falo, ta je wajen doguwar kujerar, ta yaye mayafin da ke kanta. Ta danna da tafin hannu, daga wajen kai har wajen ƙafa. Soson ya lotsa a tsakiya, ya yi kwari daidai tsawon mutum, kuma wajen ɗora hannu ya goge inda kai ke kwanciya. Ta zauna a gefen kwarin. Ta ja carbi uku ko huɗu.

"Kira mini uwarki," ta ce da Sherifa. "Sa ta yadda kowa zai ji."

Firdaoussi ta ɗauka da raɗa, ta ce tsohuwar da take kula da ita ta samu barcin rana.

"Ke, jirgi uku kika sa na hau, ƙahwata ta kumbura kamar kabewa, a kan mi?"

"Inna, sau nawa na hwaɗa miki ba abin da mutane ke cewa ba ne?"

"Sunan tsuntsu kika hwaɗa mini. Ba ki ce mini mutumen ga shekara biyu bai taka ɗakinki ba."

Sherifa ta dubi wayar, ta dubi ubanta.

"Ni ma ban sani ba," in ji Firdaoussi a hankali. "Ƙwan nan, na ɗauka gayya ce ya ajiye mini."

Fataw ya sunkuya ya buɗe akwatin kayan aikin, ya rufe, ba abin da ya ɗauka.

Inna ta karɓi wayar ta riƙe nesa da fuskarta, kamar mai riƙe da kwano mai zafi.

"To ku ji. Kayan ga ni na yi su. Ba su zama gidan mijin da ya saki ɗiyata, wannan ba mai canza mini shi, ko liman ko Bature."

Sherifa ta ƙanƙame igiyar jakar makarantarta. Inna ta miƙe, ta zuge wata jaka, ta lalubo babbar tukunyar nan ta dalma, ta zo ta dire ta a cinyar yarinyar. Saura kaɗan ta rufe mata fuska.

"Na ba ki, ƙawata. Tukwane, gado, labule, turmi, duka naki ne daga yau. Kaya suna gidan mai su. Uwarki baƙuwarki ce, ubanki baƙonki ne, kowa da ranarshi. Wanda ya tare ni da tambaya a Maraɗi, in ce mishi ɗiyata gidan jikata take sauka. In ga wanda zai ce wani abu."

Sherifa ta leƙo daga bayan tukunyar. "So nobody's moving?"

"Mi ta ce?"

"Ya ce ba mai tashi?" in ji Fataw.

"Ba mai tashi."

A wayar Firdaoussi ta yi wani sauti, ba a san ko dariya ba ce ko kuka, ta ce tsohuwa ta farka, ta kashe. Fataw ya durƙusa zai yi godiya.

"Tashi," in ji Inna. "Ɗiyata ka saki, ni ba ka sake ni ba, kuma ban gama da kai ba. Kai ka cika jakunkunan ga, kai za ka juye su. Komi ya koma inda yake. Ke kuma mai gida, aje wannan goyon na bayanki. Ba a barin baƙi cikin duhu."

Sherifa ta sauke jakar makarantar. Fataw ya ɗauko tebur daga kicin ya tura shi ta ƙofa da hannu ɗaya, iya inda hannun ya kai, su biyu suka ja shi tsakiyar ɗaki. Aka ɗora kujera a kai. Inna ta riƙe ƙafafun kujerar da hannu biyu, ta haɗa da goshi. Sherifa ta hau, ƙwan a haƙora cikin kwalinsa.

"A hankali," in ji Fataw daga bakin ƙofa. "Kada ka kalli ƙasa. Ka murɗa tsohon hagu. Hagu, Sherifa. Ɗaya hannun."

"I know, Baba."

"Rabu da shi," in ji Inna. "Mutum yana waje yana tuƙa mota."

Tsohon ƙwan ya fita, sabon ya shiga. Makunnin yana jikin bango daga ciki, taki ɗaya da ƙofa. Fataw ya dube shi, ya dubi Inna. Ta yi tsaki, ta jira Sherifa ta sauko, ta je ta danna da kanta. Ɗakin ya yi haske.

Ya koma falo ya durƙusa gaban jakunkunan. Da ta tukwane ya fara, don magariba ta kusa kuma ba a ɗora komai ba.